Yadda ake yanko ɓangaren log na diron a gano abin da ya faru a sama

Duk wanda ya taɓa haɗa jirgi marar matuƙi da hannunsa ya san irin ranar nan, ranar da jirgin zai yi wani abu a sama wanda ba kai ka sa shi ba, ko ya karkace ko ya yi ƙasa ko ya juyo gida shi kaɗai, a sauko a hau gardama, wannan ya ce iska ce wancan ya ce batir ne wani ya ce ai hannunka ne ya taɓa rimot. Alhali jirgin da kansa ya rubuta duk abin da ya same shi yana nan cikin memori. Abin da na lura da shi wajen 'yan'uwa masu wannan sana'a shi ne, da yawa sun san da log ɗin, wato wannan rubutun da jirgin ke ajiyewa, har sun taɓa buɗewa, amma sai mutum ya zana tafiyar minti 15 gaba ɗaya a allo ɗaya, ya ga layuka sun cakuɗe kamar ciyawa, ya rufe laftof ya ce abin na injiniyoyi ne. Ba haka ba ne wallahi. Ba a karanta log gaba ɗaya, yanka shi ake yi, ka ɗauki sakan 40 ko 60 da suka dame ka ka zauna a kansu, sannan ka ɗauko wani yanki na lokacin da jirgin yake lafiya lau ka jera su. Shi nake son nunawa a nan daki-daki.

Bayanin nan na masu ArduPilot ne, wato manhajar tuƙi da ke kan allon jirgi irin Pixhawk ko Cube ko makamantansu, jirgi mai farfela huɗu, kuma manhajar da zan fi ambata ita ce Mission Planner wadda Michael Oborne ya rubuta, kyauta ce. Masu PX4 fayil ɗinsu .ulg ne, su Flight Review ko PlotJuggler suke amfani da shi, sunayen bayanan sun bambanta amma dabarar yankan ɗaya ce.

Da farko ka tsare fayil ɗin

Log iri biyu ne kuma mutane suna ruɗa su. Akwai tlog, wanda laftof ɗinka ke ajiyewa daga abin da rediyon telemetri, wato mai haɗa jirgi da laftof, ya aiko masa, akwai kuma na cikin jirgin mai ƙarewa da .BIN wanda ke cikin memori a foldar APM sannan LOGS, sunayensu lambobi ne kamar 00000042.BIN. Na biyun muke so. tlog abin da rediyo ya iya ɗaukowa ne kawai, idan sigina ya yanke a daidai lokacin da abin ya faru to shikenan akwai rami a wurin, shi kuwa na cikin jirgi ba ruwansa da sigina.

Idan wani abu ya faru kar ka yi saurin sa sabon batir ka sake tashi don ka gwada. Cire batir, zare memorin, sa shi a abin karanta kati ka kwafe fayil ɗin zuwa laftof, wannan ya fi komai sauri. Za ka iya saukewa ta kebul ɗin USB ma, a shafin Data ka nemi DataFlash Logs ka danna Download DataFlash Log Via Mavlink, amma ta rediyon telemetri kam kar ka fara, za ka kwana a wurin. Sannan ka yi kwafi biyu, ɗaya ka sa masa suna mai ma'ana da kwanan wata da wurin aiki da batir ɗin da aka yi amfani da shi, ɗayan ka bar shi yadda yake kar ka taɓa. Ni a takarda ma nake rubuta abin da idona ya gani tun a fili kafin in buɗe komai, misali "a layi na bakwai yana dawowa ya fara rawa, hanci na kallon kudu", domin bayan ka kalli zane na awa ɗaya sai ƙwaƙwalwarka ta fara gyara maka labarin ya dace da zanen.

Nemo iyakokin tafiyar

A nan DataFlash Logs ɗin ka danna Review a Log ka zaɓi fayil. Kafin ka zana komai ka duba ƙananan akwatunan da ke ƙasan allon zanen, ka kunna Time da Mode da Errors da MSG da Events, idan kana so har da Map. Na Time ɗin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, don idan ba ka kunna shi ba lambobin da ke kwance a ƙasan zanen lambar layi ce a cikin fayil, ba lokaci ba, kuma layi dubu a wani wuri ba lallai ya zo daidai da layi dubu a wani wurin ba ta fuskar sakanni.

Abu na farko da nake zanawa kullum shi ne tsayi, wato CTUN sannan Alt. Jerin sunayen yana hannun dama, ka buɗe CTUN ka sa alama a Alt. Shi zai nuna maka siffar tafiyar duka, ga inda ya tashi, ga inda ya daidaita a sama, ga inda ya sauka. A nan ne za ka gane ko tashi nawa ne a cikin fayil ɗin, domin a yadda ArduPilot yake zuwa, idan ka sauka ka kashe moto ka sake tashi ba tare da ka cire batir ba duk a fayil ɗaya zai ci gaba da zubawa. Na sha ganin mutum ya shafe lokaci yana binciken tashin farko alhali matsalar a na uku take.

Saƙon EV shi ke ba ka iyakokin da lamba. 10 yana nufin an kunna motoci an shirya tashi, 28 jirgi ya gane cewa ya bar ƙasa, 18 ya gama sauka, 11 an kashe. Ka rubuta lokacin kowannensu. Shi lokacin a cikin fayil sunansa TimeUS, kuma ana ƙirga shi ne daga sanda aka ba allon jirgin wuta, kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, don haka idan ka ga 412000000 to sakan 412 kenan, kusan minti 7 da kunna jirgi, ba minti 7 da tashi ba fa, ka cire lokacin da ya ɓata a ƙasa yana jiran GPS.

Sai MODE. Duk sanda aka canza yanayin tuƙi yana rubutawa, Stabilize 0, AltHold (riƙe tsayi) 2, Auto (bin hanyar da aka tsara) 3, Loiter (tsayawa wuri ɗaya) 5, RTL (komawa gida) 6, Land (sauka) 9, kuma abin da na fi so a cikinsa shi ne Rsn, wato dalilin canjin. Idan 1 ne to daga rimot aka canza, 2 daga laftof, 3 rimot ne ya yanke, 4 batir ne ya yi ƙasa, 6 kuma jirgin ne ya daina yarda da lissafin inda yake. Wannan lamba ɗaya tak ta kashe gardama da yawa tsakanin mai jirgi da yaron da ke riƙe da rimot. ERR ma haka, Subsys 5 yankewar rimot, 6 batir, 11 GPS, 12 jirgi ya ga kamar ya faɗi, 16 da 17 na lissafin matsayi ne. Idan aikin taswira kake a Auto, MSG zai riƙa rubuta Reached command da lambar wurin da ya isa, da shi za ka gane layi na nawa yake a gona a kowane lokaci.

Inda za ka yanka

A nan ne mutane suka fi kuskure, kuma a nan zan daɗe. Da zarar mutum ya ga inda layuka suka haukace sai ya zuƙo wurin, ya ga jijjiga ta tashi sama, GPS ya rikice, kamfas ya rikice, batir ya faɗi, ya ce ya gano. Ba ka gano komai ba ɗan'uwa, jirgin da ke jujjuyawa yana faɗowa dole komai nasa ya rikice, duk waɗannan 'ya'yan matsalar ne, uwar tana baya. Abin da kake nema shi ne layin da ya fara kaucewa kafin sauran, kuma wani lokacin tazarar da ke tsakaninsa da na biyu ba ta kai rabin sakan ba, wani lokacin kuma mintoci ne.

Don haka yankan farko ka fara shi aƙalla sakan 30 kafin wurin da abin ya bayyana, ka tsaya 'yan sakanni bayan ya fara, kar ka haɗa da bugun ƙasa. Dalili kuwa, bugun ƙasa yana jefa lambobi sama sosai, manhajar kuma za ta matse zanen don ya ɗauki wannan tsinin, sai ƙananan canje-canjen da kake nema su kwanta su zama kamar miƙaƙƙen layi. A Mission Planner ka danna maus ka ja akwati a kan wurin da kake so ka saki, zai zuƙo maka shi, idan ka ɓata ka danna dama ka zaɓi Set Scale to Default ya koma yadda yake. Ka rubuta TimeUS na farkon yankin da na ƙarshensa a takardar nan taka, za ka buƙace su anjima.

Yanka na biyu shi ne na lafiya, kuma ba ko'ina za ka ɗauko shi ba. Ya zama tsawonsu ɗaya da na farkon, yanayin tuƙi ɗaya, tsayi kusan ɗaya, kuma hanci na kallon waje ɗaya. Wannan na ƙarshen masu aikin taswira su kula da shi sosai, tunda jirgi zuwa yake yana dawowa a kan gona, layi ɗaya iska na bayansa layi na gaba yana tunkararta, idan ka gwada layin zuwa da layin dawowa za ka ga bambanci a motoci da cin wuta ka zaci cuta ce alhali iska ce kawai. Layin arewa da layin arewa ake gwadawa, na biyu da na takwas misali.

Bari in ba da abin da ya same ni don a ga yadda yake a aikace. Muna ɗaukar hoton wata gonar shinkafa ta noman rani a wajen Kura, zafi ya fara, an fito daga hunturu mai ƙura sosai, jirgin yana tafiya a Auto lafiya har wajen minti na tara sai na ga ya fara rawa yana sunkuyar da kafaɗar baya ta dama, na karɓe shi na sauko da shi da ƙyar a bakin gonar, ƙafa ɗaya ta karye. Kowa a wurin ya ce guguwa ce ta buge shi don kuwa an ɗan ga iska ta taso, ni ma na yarda. Da dare na buɗe log na zuƙo wurin rawar, ba abin da na fahimta, komai a hargitse. Sai na ja baya na zana RCOU, C1 zuwa C4, wato umarnin da allo ke aika wa kowane moto. A layi na biyu dukkansu huɗun suna tare wajen 1500, kamar an ɗaure su da zare. A layi na shida C4 ya haura 1600 shi kuma C3 ya sauko ƙasa da 1450. A layi na takwas C4 yana taɓa 1900 yana manne a can. Wato tun mintoci uku kafin idona ya ga komai jirgin yana ta roƙon moto na huɗu ya ƙara ƙarfi, moton ba ya bayarwa, shi kuma yana rage wa na uku don kar ya kife. Na juya moton da yatsa na ji yana ƙaras-ƙaras, boris ne ƙura ta cinye. Da na tsaya a maganar iska da na ɗaure ƙafa na sake tashi da shi washegari da kyamarar mutane a ƙasansa.

Abin da za ka zana a cikin yankin

Kar ka zuba layi goma a lokaci ɗaya. Biyu zuwa huɗu, ka duba, ka goge, ka sa wasu. Kuma idan ma'auninsu ya bambanta, misali ƙarfin batir da ke wajen 15 da umarnin moto da ke wajen 1500, ka raba musu gefe, danna hagu a kan akwatin sunan yana kai layin ma'aunin hagu, danna dama yana kai shi na dama, in ba haka ba ƙaramin zai kwanta a ƙasa ba za ka ga motsinsa ba.

Ka fara da ATT, DesRoll tare da Roll, sannan DesPitch da Pitch, sannan DesYaw da Yaw. Mai Des a gaba shi ne abin da jirgin yake so ya yi, ɗayan kuma abin da ya yi a zahiri. A jirgi mai lafiya layukan biyu suna bin juna kamar mutum da inuwarsa. Tambayar da za ka yi wa zanen ita ce wanne ya fara motsi. Idan DesRoll ne ya fara karkata sannan Roll ya bi shi, to jirgin umarni ya bi, sai ka je ka nemo wanda ya ba shi umarnin, ko hannun matuƙi a RCIN, wato abin da rimot ya aiko, ko kuma GPS ne ya yi tsalle jirgin ya bi shi yana ƙoƙarin komawa inda yake zaton ya baro. Idan kuwa Roll ne ya tafi shi kaɗai DesRoll na nan a inda yake ko yana ja ta ɗaya gefen, to jiki ne, moto ko farfela ko ESC (na'urar da ke sarrafa gudun moto) ko hannun jirgin ya saki. Wannan rabuwar kaɗai ta raba maka aikin gida biyu.

Sai RCOU da na ambata. A jirgi mai siffar X moto 1 gaba dama yake, 2 baya hagu, 3 gaba hagu, 4 baya dama, 1 da 2 suna juyawa waje ɗaya, 3 da 4 ɗaya wajen. Karatunsa ba wuya idan ka riƙe wannan. Ɗaya ya yi sama na kusurwar da ke fuskantarsa ya yi ƙasa, to wanda ya yi saman ne ba shi da ƙarfi, a kula, mai laifin shi ne wanda lambarsa ta hau, don umarni kake gani ba gudun moton ba. Idan na baya biyu, 2 da 4, sun fi na gaba tun daga tashi har sauka, nauyi ne ya koma baya, matsar da batir. Idan 1 da 2 sun rabu da 3 da 4 a matsayin ƙungiya biyu, akwai moton da ya murɗe a kan hannunsa ba ya kallon sama sak, jirgin yana ta faɗa da juyawa. Wani lokacin ma za ka tarar MSG ya rubuta Potential Thrust Loss da lambar moton.

VIBE kuma jijjiga ce, VibeX da VibeY da VibeZ. Ƙasa da 30 galibi ba damuwa, daga 30 zuwa 60 ana iya samun matsala, sama da 60 kusan kullum sai ta ɓata riƙe tsayi ko riƙe wuri. Akwai Clip a ciki, shi ƙirga yake duk sanda jijjiga ta wuce abin da na'urar aunawa za ta iya ɗauka, kuma taruwa yake ba ya komawa baya, saboda haka kar ka kalli lambar ƙarshe ka firgita, ka duba ko ta ƙaru a cikin yankinka. Ɗari biyu da suka taru a bugun ƙasa ba komai ba ne, ashirin da ke ƙaruwa a hankali jirgi na tsaye a sama su ne abin tsoro.

Batir, BAT Volt a hagu Curr a dama. Duk sanda Curr ya hau Volt zai ɗan faɗi, wannan haka yake, abin dubawa shi ne zurfin faɗuwar. Batir mai sel 4 cikakkensa 16.8 ne, mai sel 6 kuma 25.2. Ka gwada yawan faɗuwar a yankin lafiya da na matsala a kan cin wuta iri ɗaya, tsohon batir ko wanda ya kumbura da zafi zai nuna maka cike yake a ƙasa amma da an ja shi sai ya durƙushe. Mu da ke tashi a watan Afrilu rana na dukan digiri 40 mu sani iska mai zafi ba ta da kauri, farfela sai ta ƙara gudu kafin ta ɗaga nauyin da take ɗagawa da asuba, za ka ga haka a CTUN ThO, wato yawan totur, don haka log na safe da log na azahar ba sa gwaduwa kai tsaye.

GPS ka duba NSats, wato yawan taurarin da ya kama, da HDop, wato ma'aunin ingancin kamun, da Status. HDop ƙasa da 1.5 yana da kyau, ya wuce 2 akwai alamar tambaya, Status 3 shi ne kamu na yau da kullum, 6 na masu RTK ne, wato GPS mai auna wuri daidai sosai, idan ya kama. Abin da ya fi lambar kanta shi ne canjin farat ɗaya, taurari 16 su koma 9 cikin sakan biyu. Kusa da shi akwai XKF4, SV da SP da SH da SM, suna nuna yadda lissafin jirgin ke jayayya da gudu da matsayi da tsayi da kamfas, ana son su zauna ƙasa can, 0.8 ita ce iyakar da FS_EKF_THRESH ke zuwa da ita. Shi kamfas idan kana zargin wayoyin wuta na damunsa, nemi yankin da hanci bai juya ba amma totur ya hau ya sauka, kamar lokacin hawa sama a miƙe, ka zana MagX da MagY da MagZ tare da Curr, idan suna rawa tare to ka kama shi. A yankin da jirgi ke juyawa ba za ka taɓa gane wannan ba don juyawar kanta tana canza lambobin.

Idan kuma log ɗin ya yanke ne kwatsam Alt na nuna jirgi yana sama, babu EV 18 babu 11, to allon ne wuta ta ɗauke masa. A nan yankinka sakan 20 na ƙarshe ne, ka zana POWR Vcc wanda ya kamata ya zauna kusa da 5, sannan ka je ka duba fulogi da wuraren dalma.

Fitar da yankin waje

Ido yana yaudara, musamman wajen cewa wannan layin ya fi wancan. Idan kana son lamba sai ka fitar da yankin zuwa Excel. Ka sa Python a laftof, ka buɗe wurin rubuta umarni ka rubuta pip install pymavlink, a ciki akwai ƙaramar manhaja mai suna mavlogdump.py. Misali idan yankinka daga sakan 412 ne zuwa 470:

mavlogdump.py --types RCOU --format csv --condition "RCOU.TimeUS>412000000 and RCOU.TimeUS<470000000" 00000042.BIN > moto.csv

Iri ɗaya nake fitarwa a kowane umarni, RCOU daban, BAT daban, VIBE daban. Ka lura sharaɗin ma da RCOU na rubuta shi, idan BAT kake fitarwa sai ka mai da shi BAT.TimeUS, haka VIBE ma. Idan ka buɗe a Excel lambar lokacin za ta iya fitowa kamar 4.12E+08, ka buɗe sabon layin tsaye ka cire 412000000 daga TimeUS ka raba da 1000000, yanzu yankinka ya fara daga sifili yana ƙirga sakan. Ka yi wa yankin lafiya haka shi ma, ka sa AVERAGE da MAX a kan C1 zuwa C4 na kowanne, lambobi takwas na kowane yanki za su gaya maka abin da zane ke ɓoyewa. Gargaɗi ɗaya, kar ka jera fayil ɗin GPS da na ATT gefe da gefe ka ɗauka layi na 50 a nan shi ne layi na 50 a can. GPS galibi sau 5 yake rubutu a sakan, ATT sau 10 ko ma fiye sosai idan ka kunna na sauri, da TimeUS kawai ake haɗa su.

Idan kuma ƙaramin .BIN kake so wanda za ka tura ta WhatsApp ba tare da ya cinye data ba, ka cire --types da --format, ka sa -q -p -o yanki.bin da sharaɗin nan dai. Wannan -p kar ka manta da shi, shi ke riƙe saitin jirgin a cikin yankin, wanda zai duba maka ba zai iya cewa komai ba idan bai san irin firam ɗin da iyakokin motocin ba. Ni dai idan data ta samu na fi son a turo min cikakken fayil a rubuta min daga sakan kaza zuwa kaza, domin sau da yawa sai na buƙaci ja baya fiye da inda mai turowar ya yanka. Kuma ka tuna log yana ɗauke da ainihin inda aka tashi, idan a tsakar gidanka ka yi gwaji ko a gonar wanda ya ba ka aiki, duk wanda ya samu fayil ɗin zai ga wurin a taswira, ka san wa kake tura wa.

Wanda laftof ɗinsa ba Windows ba ne ko ba ya son saka komai, akwai UAV Log Viewer a plot.ardupilot.org, a burauza yake aiki, ka ja fayil ka jefa, yana nuna jirgin yana tafiya a kan taswira daidai da zanen. MAVExplorer ma yana nan ga mai son rubuta umarni, graph ATT.Roll ATT.DesRoll kawai za ka rubuta.

Mai bidiyo kuma da yake son haɗa shi da log, kar ka dogara da agogon kyamara. Lokacin GPS ba namu ba ne, Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya, shi kansa agogon GPS yana gaban UTC da sakan 18 tun 2017, ga agogon kyamara da ba wanda ke saita shi. Ka nemi sanda ƙafa ta bar ƙasa a bidiyon, ka nemi inda Alt ya fara hawa a log kusa da EV 28, ka mai da su sifili dukkansu ka ƙirga daga nan.

Kafin tashi na gaba

Ka shiga saiti ka mai da LOG_FILE_DSRMROT zuwa 1, daga nan kowane tashi zai samu fayil ɗinsa, rabin wahalar neman iyaka ta tafi. LOG_DISARMED ka bar shi a 0 sai ranar da kake binciken abin da ke hana jirgi kunnuwa, in ba haka ba zai cika maka memori da zaman ƙasa. Ka leƙa LOG_BITMASK ka tabbata RCOU da batir da IMU (na'urar auna motsin jirgi) da GPS suna cikin abin da ake rubutawa, abin da ba a rubuta ba babu manhajar da za ta fito maka da shi. Memorin ma ka sa mai kyau mai sauri, na bakin titi yana tsallake rubutu.

Bayan ka yi gyara, ka tashi a fili ba kyamara, ka tsayar da shi a Loiter minti ɗaya cur da safe kafin iska ta taso, hanci waje ɗaya, hannunka a sake. Ka yanko wannan mintin ka fitar da matsakaicin motoci huɗun da jijjiga da ThO da faɗuwar batir, ka rubuta su a littafi da kwanan wata. Ni bayan na canza boris ɗin nan tazarar C3 da C4 ta dawo ƙasa da 30, kuma tun daga ranar duk bayan tashi goma nake sake wannan gwajin na minti ɗaya in gwada da lambobin da ke littafin, a lokacin hunturu kuma duk bayan biyar.